Yadda Ake Horar da Murya Ta Cika Fili Babu Lasifika, Ta Kuma Daɗe Ba Ta Dushe Ba

Gidan ofera na Metropolitan da ke birnin New York yana cin mutum wajen 3,800. A gaban dandamalinsa akwai wani rami inda makaɗa ke zama, sittin ko tamanin, wani lokaci har su doshi ɗari, da goge manya da ƙanana, da kayan busa, da ganguna. Mutum ɗaya zai tsaya a bayan wannan rundunar, babu makirfo a hannunsa, babu lasifika a bango, ya buɗe baki, wanda ke kujerar ƙarshe a saman bene ya ji shi tangaram. Ofera ke nan: wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa maimakon a faɗe su, wanda ya samo asali a Italiya wajen shekara ta 1600. Ba waƙoƙin ne suka dame mu a nan ba. Abin da ladan, da mai jan baki a wurin tafsiri, da sha'irin bege, da ɗan amshi, da malamin aji mai yara ɗari a Sakkwato za su ɗauka daga wurin waɗannan mutane shi ne dabarar: yadda ake sa murya ta yi nisa ba tare da an yanka maƙogwaro ba.

Misalin da ya fi dacewa a riƙe shi ne na Camilla Williams, baƙar fatar Amurka da aka haifa a 1919 a garin Danville na jihar Bajiniya. Mahaifinta direban gida ne. Ta fara rera waƙa a coci tun tana ƙarama, ta fara ɗaukar darasin murya tana da shekara 12, a lokacin da dokar wariyar launin fata ta hana ta shiga makarantun farare. Ta gama Kwalejin Jihar Bajiniya a 1941, ta ɗan koyar a firamare, sannan ta tafi Filadalfiya ta zauna gaban wata malamar murya, Marion Szekely Freschl, tana aikin nuna wa 'yan kallo kujeru a gidan wasa don ta ciyar da kanta. Sai a watan Mayu na 1946, tana da shekara 26, ta hau dandamalin kamfanin ofera na birnin New York a matsayin tauraruwar wasan Madama Butterfly na Puccini, mai tsara kiɗan ofera ɗan Italiya, ta zama baƙar fata mace ta farko da wani babban kamfanin ofera a Amurka ya ba kwantiragi na dindindin. A 1954 ta rera babban matsayi, wato ta fito a cikin manyan jaruman wasa, a gidan ofera na Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya. A ranar 28 ga Agusta 1963 ita ta rera taken ƙasar Amurka a gagarumin gangamin neman 'yancin baƙar fata a Washinton inda Martin Luther King ya yi jawabinsa. A 1977 Jami'ar Indiyana ta ɗauke ta, ta zama baƙar fata ta farko da ta koyar da murya a can, ta yi shekara 20 tana wannan aikin har 1997. Ta rasu a 2012 tana da shekara 92.

A lura da lissafin: shekara 14 tsakanin darasin farko da hawa babban dandamali. Wannan jinkirin shi ne ya sa muryar ta yi aiki shekaru da dama, har ta rage abin da za ta nuna wa ɗalibai a aji. Duk abin da ke ƙasa an gina shi a kan wannan haƙurin.

Fara da sanin kayan aikinka

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka haɗiye yawu. Abin da ya hau ya sauko ɗin nan akwatin murya ne. A cikinsa akwai wasu 'yan tsokoki biyu kwance gefe da gefe kamar leɓɓa, a lulluɓe da tantani mai danshi. Wasu na ce musu igiyoyin murya, amma ba igiya ba ne, nama ne mai laushi. Leɓɓan murya ya fi dacewa da su. Na namiji baligi tsawonsu bai cika wuce santimita 2 da ɗan kai ba, na mace santimita ɗaya da rabi ko kusa da haka. Idan kana numfashi suna buɗe. Idan za ka yi sauti sai su haɗu, iskar huhu ta ratsa su, su riƙa buɗewa suna rufewa. A maganar namiji ta yau da kullum suna haɗuwa sau ɗari da 'yan kai a sakan ɗaya, a ta mace wajen sau 200, a ƙololuwar muryar mawaƙiyar ofera sama da sau 1,000. Wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuel García, shi ya fara kallon nasa suna motsi a 1854, da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana.

Abu uku ke haɗuwa su ba da murya: iska daga huhu, kaɗawar leɓɓan nan, da sararin maƙoshi da baki wanda ke tace sautin ya ba shi amo. Sautin da leɓɓan ke fitarwa su kaɗai ɗan ƙaramin zuza ne. Mai kururuwa yana matse na tsakiyan, wanda ya fi kowane rauni, alhali aikin na farko da na uku ne. Shi ya sa ladan zai kira Asuba da Azahar lafiya, kafin Isha'i murya ta shaƙe.

Tsayuwa da numfashi

Tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa ba a sandare ba. Ɗaga hannaye biyu sama da kai, ka ji ƙirji ya ɗan tashi, sannan ka sauke hannayen a hankali ka bar ƙirjin inda yake. Nan ne mazauninsa. Haɓa kada ta miƙe gaba, kada ta kalli sama. Masu kai sautin sama sukan ɗaga haɓa kamar za su leƙo shi daga rufin ɗaki, wannan kuwa yana jan akwatin murya sama ya matse shi.

Yanzu sa tafin hannu a ƙasan haƙarƙari, dama da hagu, babban yatsa yana kallon baya. Shaƙi iska ta hanci, shiru, ba tare da ƙara ba. Abin da ake so shi ne haƙarƙarin ya ture hannayenka gefe, ciki ya ɗan saki, bayan ƙugu ya buɗe. Idan kafaɗu suka ɗaga, ka yi kuskure. Tsaya gaban madubi ka sake. Idan an ji ƙarar shigar iskar, maƙoshi a tsuke yake. A ƙarƙashin huhu akwai wata faffaɗar tsoka mai kama da kifaffiyar ƙwarya wadda ta raba ƙirji da ciki. Idan ka shaƙa sai ta sauka ta ture kayan ciki, shi ya sa ciki ke fitowa. Iska ba ta shiga ciki, huhu take shiga. Masu cewa “yi waƙa daga ciki” alamar suke kwatantawa.

Italiyawa suna kiran asirin riƙe numfashi da wata kalma da ke nufin jingina. Ma'anarta: bayan ka shaƙa, kada ka bari haƙarƙari ya rufta nan take. Riƙe shi a buɗe muddin kana fitar da sauti, ka bar iskar ta fita kaɗan-kaɗan kamar mai tsiyaya man gyaɗa daga kwalba. Richard Miller, mawaƙin Amurka da ya koyar fiye da shekara 40 a makarantar kiɗa ta Oberlin, ya yaɗa wani tsohon atisaye a kan haka. Shaƙa cikin ƙirga huɗu. Tsaya cikin ƙirga huɗu, maƙoshi a buɗe, ba a toshe ba kamar mai ɗaukar buhu. Fitar cikin ƙirga huɗu. Maimaita da biyar, da shida, har goma cikin makonni. Idan jiri ya taso ka zauna, ka rage ƙirgar.

Na biyu shi ne tsaki mai tsawo. Shaƙa, ka fitar da “sss” siriri, daidai wa daida, kana duba agogon waya. Mai farawa yakan yi sakan 15. Cikin wata biyu zuwa uku na yi kullum, sakan 30 ba abin mamaki ba ne. Tsawon ba shi ne muhimmi ba, daidaiton ne: kada ya fara da ƙarfi ya ƙare yana rawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika huhu maƙil har wuya ya kumbura. Wanda ya yi haka, iskar za ta danno leɓɓan murya da ƙarfi, su kuma su matse don su tare ta. Shaƙi abin da jimlar ke buƙata kawai.

Wannan tsakin yana da wani amfani na gwaji. Yi “sss” iya tsawonka ka rubuta sakan nawa, sannan ka yi “zzz” ka rubuta. Ga mai lafiyar murya biyun suna kusa da juna. Idan “sss” ya kai sakan 21 amma “zzz” bai wuce 14 ba, wato ya ninka shi sau ɗaya da rabi, leɓɓan ba sa rufewa sosai, iska na zurarewa. Idan hakan ya ci gaba kwanaki, akwai abin dubawa.

Kwalba da tsinken shan lemo

Babu atisayen da ya kai wannan arha, kuma malaman murya na Amurka sun rungume shi sosai, musamman bayan binciken masanin murya Ingo Titze a kan yin sauti ta cikin tsinke. Sami gorar ruwa ta roba, ka zuba ruwa zuwa rabi. Sa tsinken shan lemo, bakinsa ya nutse santimita 2 zuwa 3 kawai, ba ya kai ƙasa ba. Kama ɗaya bakin da leɓe, kada iska ta tsere ta gefe ko ta hanci. Fara busawa babu sauti, ka kalli kumfar: ana so ta riƙa tashi ƙanana, a jere, kamar tukunyar da ta fara tafasa a kan garwashi. Sannan ka sa murya, “uuu”, a sautin da ya fi maka sauƙi. Za ka ji kumatunka suna ɗan kaɗawa. Idan ruwan ya fantsamo maka a fuska, ka cika busawa. Idan kumfar ta tsaya alhali sauti na fita, ta hanci yake fita. Toshe hancin da yatsa ka gani.

Daga nan sai ka zame daga ƙasan muryarka zuwa sama ka dawo, kamar jiniyar motar asibiti, sau goma. Sannan ka rera baitin da kake koyo ta cikin tsinken. Minti uku zuwa biyar sun isa, ana iya yi sau uku ko huɗu a yini. Dalilin aikinsa shi ne ruwan yana mayar da wani ɓangare na matsin iskar baya, wannan matsin ya ɗan raba leɓɓan murya ta sama, su riƙa kaɗawa ba tare da suna dukan juna da ƙarfi ba. Wanda ya nutsar da tsinken santimita goma don ya fi sauri, wahala kawai zai ƙara wa maƙogwaronsa.

Idan babu kwalba, kaɗa leɓe kamar yaro mai kwaikwayon babur yana yin aiki iri ɗaya, haka ma jan “rrr” na kaɗa harshe, wanda Bahaushe ya riga ya iya. Tsarin ɗumama murya na minti goma shi ne: minti biyu na juya wuya da sakin muƙamuƙi, uku na tsinke, biyu na guɗa baki rufe da “mmm” har ka ji ƙaiƙayi a leɓe da karan hanci, uku na wasula a tsakiyar murya. Da asuba murya takan yi kauri ta yi nauyi, don haka ladanin da zai kira sallar farko ya fi kowa buƙatar ko da minti uku na “mmm” a hanyarsa ta zuwa masallaci. Bayan dogon aiki kuma a sake minti biyu na tsinke daga sama zuwa ƙasa, don a sauko da muryar mazauninta na magana.

Inda amon yake

Me ya sa ake jin mutum ɗaya a kan makaɗa tamanin? Ba don ya fi su ƙara ba. Masanin Suwidin Johan Sundberg ya nuna cewa horarriyar muryar ofera, musamman ta maza, tana tara ƙarfi a wani yanki na sauti wajen kaɗawa 3,000 a sakan. Kayan kiɗan ba su da ƙarfi sosai a wannan yankin, kunnen ɗan Adam kuwa nan ya fi ji. Wannan shi ne ƙarar nan mai kama da ƙarfe da ake ji a muryar da ke ratsa kasuwa. Makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara, da suke rera waƙa a kan kotso da taushi a buɗaɗɗen fili tun kafin zuwan lasifika, kunnensu ya kai su ga irin wannan kaifin ta tasu hanyar.

Ana samunsa da abu biyu a lokaci guda: sarari a baya, kaifi a gaba. Don sararin, yi kamar za ka fara hamma amma kada ka ƙarasa. Ganɗa mai laushi ta can baya za ta ɗaga, zakaran wuya ya ɗan sauka da kansa. A nan za ka tsaya. Wanda ya ƙarasa hammar, ko ya danne akwatin murya da gindin harshe, zai sami murya mai duhu kamar daga cikin randa: a kunnensa tana da girma, amma ba ta wuce sahu na uku. Sa babban yatsa a ƙarƙashin haɓa, wurin nan mai laushi, ka rera “aaa”. Idan wurin ya yi tauri, harshe ne ke aikin da ba nasa ba. Kan harshe ya kwanta a bayan haƙoran ƙasa na gaba.

Don kaifin, riƙe sautin “ng” kamar na tsakiyar kalmar “ganga”, ka ja shi, ka ji zuzarsa a bayan hanci, sannan ka sauke harshe ya buɗe zuwa “a” ba tare da zuzar ta ɓace ba. Daga nan sai jerin wasula a kan sauti ɗaya: i, e, a, o, u. Mai Hausa ya yi sa'a a nan, domin wasulan da malaman waƙa na Italiya ke horarwa da su su ne dai waɗanda muke rubutawa. “I” ta fi kowane kaifi, “a” ta fi saurin faɗawa cikin maƙoshi, don haka a fara da “i” a ja kaifinta zuwa sauran. Baki ya buɗe tsaye, faɗin yatsa biyu a kan “a”, ba ya baje gefe kamar mai yaƙe ba.

A ɗakin darasi abin yakan kasance haka. Malam ya dafa haƙarƙarin ɗalibi ta baya ya ce, “Sake, ɗana. Kada ka tura ta, bar ta ta fito.” Ɗalibi ya ce, “Allah gafarta Malam, ni ji nake ta yi ƙarama.” Malam ya tura wani yaro can bakin zaure ya tambaye shi wanne ya fi ji, na farko mai ƙarfi ko na biyu, yaron ya ce na biyu. Haka abin yake kusan kullum, domin mai rerawa yana jin kansa ta ƙashin kai, ba yadda jama'a ke jinsa ba. Wanda ba shi da malami ya ajiye waya taku goma daga inda yake tsaye ya naɗi kansa.

Akwai wata matsala da ta keɓanci harshenmu. Duk kalmar Hausa da ke farawa da wasali, kamar “ina”, “aiki”, “uwa”, a baki da hamza take farawa, wato leɓɓan murya su rufe sannan su buɗe. Haka ma ƙ da ts suna buƙatar rufe maƙogwaro, ɓ da ɗ kuma suna motsa akwatin murya. A magana babu laifi. A waƙa da ƙarfi, idan ana fasa kowace hamza kamar harbin bindiga, leɓɓan suna shan duka ɗaruruwa a zama ɗaya. Ba a jefar da hamzar, don ma'ana za ta lalace. Ana sassauta ta ne. Gwada “ha, ha, ha” a hankali, sannan ka riƙa rage “h” ɗin har ta ɓace, iska da sauti su fara tare. Daga wannan tsakiyar sai ka mayar da hamza ƙarama, gwargwadon abin da kunne zai gane.

Sai gargaɗi ga masu karatun Alƙur'ani. Mawaƙan ofera suna karkata wasali idan sun hau sama, “i” ta ɗan koma wajen “e”, kuma suna barin murya ta yi rawa a kan dogon sauti. Wannan nasu ne. Mai ƙira'a ya ɗauki tsayuwa da numfashi da tsinke da kiwon lafiya, ya bar makharijul huruf da madda yadda malamin tajwidi ya ɗora shi a kai. Mai waƙar Hausa ma ya kula: karin sautin kalma da tsawon wasali su ne ma'ana, duk dabarar da ta mai da “gari” na zama ya koma “gari” na tuwo ba ta yi ba.

Mararraba

Zame da “uuu” daga ƙasa zuwa sama a hankali. Akwai wurin da murya za ta yi tuntuɓe, ta karye ko ta siranta farat ɗaya. Wannan mararraba ce tsakanin muryar ƙirji, inda leɓɓan ke kaɗawa da kaurinsu, da muryar kai, inda suke miƙewa su siranta. Kowa yana da ita. Kuskuren da ke kashe muryoyi shi ne jan nauyin ƙirji da ƙarfin tsiya a haye da shi. Hanyar ita ce a rage ƙara tun sauti biyu ko uku kafin wurin, a ɗan zagaye leɓe, a bar iska ta ci gaba da gudana. A fi yin atisayen daga sama zuwa ƙasa: fara da siririyar muryar kai, ka sauko da ita sauti biyar, ka kawo sauƙinta cikin ta ƙirji. Wannan aikin watanni ne, sau da yawa shekaru.

Turawa sun kasa muryoyi gida shida: sufurano, mezo da kwantiralto ga mata, daga sama zuwa ƙasa, tena, baritun da bas ga maza. Camilla Williams sufurano ce. Marian Anderson, wadda ta zama baƙar fata ta farko da ta rera babban matsayi a Metropolitan a 1955, kwantiralto ce. Ba a zaɓar gida, halitta ce, kuma ba a gane shi da sautin da mutum ya iya taɓowa sau ɗaya, sai da inda muryarsa ke zama minti goma ba gajiya. Ɗan amshin da aka tilasta wa bin sautin ubangidansa alhali muryarsa ta ƙasa ce, shi ke fara dushewa a ƙungiya. Ya yi amshin a ƙasa da tazarar sauti takwas, zai dace. Yaro kuma da muryarsa ke fashewa, tsakanin shekara 12 da 15, kada a sa shi dogon ja da ƙarfi a musabaƙa ko wasan makaranta sai ta zauna.

Nawa ne ya isa, da batun hunturu da azumi

Mai farawa ya yi minti 15 zuwa 20, sau biyu a yini, kwana shida a mako. Bayan wata uku ya kai minti 30. Awa biyu a zama ɗaya ranar Asabar ba ta maye gurbin wannan, illa ma take yi. Gidajen ofera kansu sukan bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin wasa da wasa ga mai babban matsayi. A tuna cewa hira ma aiki ce: wanda ya wuni yana ciniki a Babbar Kasuwa yana ɗaga murya kan ƙarar babura da janareto ya riga ya cinye kason muryarsa na ranar.

Yanayin Sakkwato ba ya tausaya wa maƙogwaro. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu a bushe take ƙamas, ga ƙura. A Afrilu zafi ya haura digiri 40, gumi ya kwashe ruwan jiki. Tantanin leɓɓan murya idan ya bushe, sai an ƙara matsin iska kafin ya kaɗa. A sha ruwa lita biyu zuwa uku a yini, wato ledar ruwa huɗu zuwa shida, a rarrabe, a ƙara a bazara. Fitsari mai haske shi ne ma'auni. Amma a san wannan: abin da aka haɗiye ba ya taɓa leɓɓan murya, akwai marfin da ke rufe hanyar iska a tura shi ta hanyar abinci. Ruwan da ka sha sai ya bi jini, bayan sa'o'i, kafin ya isa can. Zuma da citta da lemun tsami suna sanyaya maƙoshi, suna da daɗi, ba sa gyara leɓɓan. Alewar nan mai sanyin mantoleta tana ɓoye zafi ne kawai, mutum ya ci gaba da ɓarna bai sani ba. Abin da ke isa kai tsaye shi ne tururi: ruwan zafi zalla a kwano, lulluɓa da tawul, minti goma, ba tare da an zuba man shafawa ko turare ba, a kuma nisanta fuska don kada a ƙone. A kan babur a rufe hanci da baki da rawani ko takunkumi, a shaƙa ta hanci. Da dare a rataya jiƙaƙƙen zane a ɗaki, kada fanka ta busa fuska kai tsaye.

A watan azumi, lokacin da masu jan baki da limaman tarawihi da tahajjud suka fi aiki, a raba ruwan tsakanin buɗa-baki da sahur, kofi-kofi, ba a kwankwaɗe shi lokaci ɗaya ba. Atisaye mai nauyi a mayar da shi bayan Isha'i. Da rana “mmm” da tsinke babu ruwa sun wadatar. Babban abokin gaba a nan ƙwannafi ne. Wanda ya cika ciki da soye-soye da yaji a sahur ya kwanta nan take, ruwan ɗacin ciki yana iya hawowa har akwatin murya, ko da bai ji ƙuna a ƙirji ba. Alamarsa ita ce tashi da murya a shaƙe, da yawan gyaran murya, da jin kamar wani abu ya tsaya a wuya. Maganin farko shi ne tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin ci da kwanciya inda hali ya yi, da ɗaga kan gado da bulo ɗaya. Taba da shisha kuwa babu wani sulhu tsakaninsu da wannan sana'a.

Idan ta dushe

Idan mura ta kama murya, a yi shiru gwargwadon iko kwana biyu zuwa uku. Raɗa da ƙarfi ba hutu ba ce, tana matse maƙogwaro. Idan dole ne a yi magana, a yi ta a hankali da muryar gaske. Gyaran murya da kakari dukan leɓɓan ne da juna, a maye su da kurɓar ruwa ko haɗiyar yawu. Magungunan mura masu sa barci suna busar da maƙoshi, asfirin kuma yana sauƙaƙa fashewar ƙananan jijiyoyin jini a leɓɓan idan ana aiki da ƙarfi. Wanda likita ya ɗora a kansa kada ya daina da kansa, ya dai faɗa wa likitan sana'arsa. Mata da yawa sukan ji murya ta yi nauyi kwana biyu ko uku kafin al'ada saboda ɗan kumburi, a rage hawa sama a kwanakin.

Gwajin kumburi mai sauƙi: rera sauti siriri can sama, a hankali ƙwarai, da “iii”. Idan ya saba fitowa amma yau sai iska, ko sai ka ƙara ƙarfi, leɓɓan sun kumbura, ranar hutu ce. Wanda ya yi biris da wannan wata da watanni, kanta takan fito a tsakiyar leɓɓan biyu inda suka fi haɗuwa, kamar kantar hannun manomi. Idan an tare ta da wuri, sau da yawa hutu da gyaran dabara suna narkar da ita ba tare da tiyata ba.

Alamomi huɗu na likita ne, ba na malamin murya ba: dushewar da ta wuce mako uku, musamman ga mai shan taba, murya ta yanke farat ɗaya ana tsakiyar ja, wanda kan nuna jini ya fashe a leɓen, kuma yana buƙatar shiru ɗungurungum nan take, jini a kaki, da wahalar haɗiya ko numfashi. A je sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a nemi a duba leɓɓan da ido, da madubi ko da 'yar kyamara. Kada a kai wannan matsalar wurin wanzami a cire belu. Belu yana rataye ne can sama a ƙarshen ganɗa, leɓɓan murya suna ƙasa da shi da santimita da dama, yanke shi ba zai taɓa abin da ke damun su ba, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta daga aska. Ranar zuwa asibiti a tafi da bayanin ranar da dushewar ta fara, awa nawa ake amfani da murya a yini, magungunan da ake sha, da naɗin murya na kafin ciwon idan akwai shi a waya, don likita ya ji bambancin da kunnensa.